Rahusar Bayan Ƙarfe Huɗu

Ni ce na fara ganewa, kuma har yau ban san ko gata aka yi mini ko dutse aka ɗora mini a ƙirji ba.

Baba mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai wankin hoto da mai sayar da caja. Shekara talatin da biyar yana zaune a kujera ɗaya, da madubinsa na ido ɗaya, da hantsaki, da gwangwanin da ya cika da matattun batura. Wata yamma na biya ta wurinsa daga aiki, sai wani ɗan noti ya kuɓuce masa ya faɗa kan tebur. Ina ganinsa, ga shi nan dab da yatsansa yana ƙyalli. Baba ya shimfiɗa tafin hannu yana shafa teburin a hankali, kamar mai lallashin jariri. Sau biyu yana wuce shi.

"Baba, ga shi nan."

"Na gan shi, Auta. Ƙura nake sharewa."

Sai da na yi kuka da majina kafin ya yarda muka je wurin likitan ido. Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ce da rana tsaka Baba zai ci gaba da gani na wasu watanni, amma da zarar haske ya yi rauni, da yamma ko a cikin inuwa mai kauri, duniya rufe masa take yi. A hankali ranar ma za ta bi sahu.

A bakin asibitin Baba ya tsaya ya riƙe gefen mayafina.

"Ki yi mini alkawari yayanki ba zai ji ba. Ba shi ba, ba kowa ba."

Na san dalili. Yaya Babba, babban ɗansa, ya daɗe yana neman hujjar rufe shagon. Kullum cewa yake yi abin kunya ne mutum yana da mota biyu amma ubansa na sauya batir a bakin titi. Na ce na yi alkawari. Muka taka kaɗan, sai na ji ya ce, kamar da kansa yake magana, "Ashe ba zan ga ruwan nan ba."

Duk gidanmu mun san ruwan nan. Tun kafin a haife ni wani matafiyi ya kawo masa gyaran agogo, ya zauna jira, ya ba shi labarin magangarar ruwa da ke cikin babban gandun dajin ƙasar, inda kogi guda ke faɗowa daga kan dutse ya koma hayaƙi kafin ya taɓa ƙasa. Ya ce in rana ta ɗaga, bakan gizo kan tsaya a cikin hayaƙin, kusa ƙwarai, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Baba ya sha ba mu labarin har muka haddace. Marigayiya Umma takan ce, "To, an fara zubo ruwan, a kawo bokiti." Kowace shekara sai ya ce baɗi, baɗi ta zo da kuɗin makaranta.

A makon nan na fara neman hanya. Manyan kamfanonin yawon buɗe ido sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe na sami wani ƙaramin ofis a saman shagon masu taya, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka da hotunan giwaye da rana ta cinye. Suna da abin da suke kira rahusar iyali: in kun cika mutum goma sha shida, motarku daban, kwana ɗaya, wurare uku. A takardarsu an rubuta magangarar ruwa ƙarfe goma sha ɗaya na safe, sai tsohuwar gada, sai kasuwar tsaraba. Layin farko kawai na karanta zuciyata ta tashi sama kamar tsuntsu. Ƙarfe goma sha ɗaya! Na zazzage duk abin da na ɗan tara na kama mana rana.

Cika sha shida shi ne aikin. Na bi dangi gida gida. Yaya Babba ya ce zai zo da matarsa da yara, kuma da ya ɗauki nauyin kujeru bakwai, tafiyar ta koma tasa. Ban damu ba. Ko a ce ta shaiɗan ce, in dai Baba zai tsaya a gaban ruwan da rana.

Ranar tafiya ƙarfe shida aka ce. Ƙarfe bakwai saura muna jiran Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta zo da kwando biyu da filas uku kamar mai yin ƙaura. Anti, matar Yaya, ta koma gida ɗauko sandar ɗaukar hoto. Baba kuwa tun biyar da rabi yana kujerar taga, da farar rigarsa mai guga, ya goge tabaransa ya fi sau goma.

Muna fita gari ɗan jagoran kamfanin ya miƙe da ƙaramar lasifika. Mutum ne mai tumbi da haƙorin gaba guda na ƙarfe, bakinsa kamar an shafa masa zuma.

"Iyalin albarka, barkanku da safiya! Ga tsarinmu na yau. Za mu fara da tsohuwar gada, mu wuce kasuwar tsaraba mu ci abinci mu huta, sannan da yamma mu shiga gandun daji mu rufe da abin da ya fi komai daɗi."

Na miƙe har kaina ya bugi maratayar jaka.

"Malam, a takarda an ce ruwa ƙarfe sha ɗaya."

"Ƙanwata, juya bayan takardar."

Na juya. Can ƙasa, da rubutu kamar kashin ƙuda, an ce kamfani na iya sauya jerin wurare yadda ya ga dama.

"Kuɗin shiga gandu rabi ne ga ƙungiya in an wuce ƙarfe huɗu," in ji shi, ya sauke lasifikar amma duk motar na ji. "Kina tsammanin daga ina rahusar ta fito? Daga aljihun kakana? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk motocin rahusa haka muke yi. In kuna son safe, kowa ya cika ragowar, in juya kan mota yanzu."

Ba ni da ko sisi. Na dubi Yaya.

"Yaya, don Allah mu fara da ruwan."

"Saboda me?"

"Ya fi kyau da rana. Akwai bakan gizo."

Anti ta tuntsire da dariya. "Auta sarkin littattafai! Ke ba ki san hoton faɗuwar rana ya fi fitar da mutum ba? Da rana tsaka ai sai mu fito kamar soyayyen kifi."

"Ruwa dai ruwa ne," in ji Gwaggo tana ɓare ayaba. "Guduwa zai yi kafin yamma?"

Yaya ba marowaci ba ne, in faɗi gaskiya. Amma bai iya biyan abu sau biyu ba tare da an ba shi dalili ba, kuma bai iya jin umarni daga autar gida ba. Ya juya ya yi abin da muke yi a gidanmu duk lokacin da muke son rufe magana.

"Baba, kai me ka gani?"

Kowa a motar ya san amsar. Baba bai taɓa zaɓar komai a gaban 'ya'yansa ba. Ko nama aka ce ya ɗauka sai ya ce a fara ba yara. Tambayarsa ba neman ra'ayi ba ne, hatimi ne.

"Duk yadda kuka yi daidai ne," in ji Baba.

"To kin ji," in ji Yaya. "Direba, mu je."

Na zauna. Na kai bakina kunnen Baba. "Ka bar ni in gaya masa. Kalma biyu kawai."

Bai juyo ba. "Ƙarfe huɗu da sauran rana, Auta. Kin yi alkawari."

Abin da ya fi cin raina shi ne kyawun safiyar nan. Sama fes, ba ko ɗigon gajimare. A tsohuwar gada Baba ya zama yaro. Ya karanta allon tarihin da kansa ba tare da ya matsa kusa ba. Ya ƙirga ginshiƙai. Ya hango wani tsuntsu mai jan baki a can ƙasan kogi kafin jikokinsa su gani. A bakin gadar akwai hasumiya mai babban agogo, ya ɗaga kai ya dube ta, ya dubi tsintsiyar hannunsa.

"Minti bakwai take baya," ya ce da jin daɗi. "Da za su ba ni tsani da rabin yini."

Kowa ya yi dariya, ni kuwa ji nake kamar ana zubar da ruwan shanmu na ƙarshe a kan yashi. Wannan hasken na ruwan ne, muna kashe shi a kan duwatsun gada.

Na ja Yaya gefe. Na ce to a bar ni ni da Baba mu nemi wata motar mu riga su, mu haɗu a can.

"Da wane kuɗin? Ke kika tara mutane, ke kika ce tafiyar iyali, yanzu kuma za ki ware da tsoho kamar mu bare ne? Wai me ke damunki yau?"

Maganar ta zo har bakina. Na hango Baba daga nesa yana nuna wa jikarsa yadda ake gane lokaci da inuwar sanda. Na haɗiye.

Kasuwar tsaraba rumfa ce doguwa a gefen hanya, cike da giwayen katako da huluna da kofuna masu hoton magangarar da ba mu gani ba tukuna. A nan direba da ɗan jagora ke cin abinci kyauta muddin sun sauke fasinja, don haka ba mai gaggawa. Awa biyu muka yi. Anti ta gwada hula tara. Gwaggo ta yi cinikin raƙumin dawa na roba kamar za ta sayi gida, ta fita sau uku ana kiranta, daga ƙarshe ta ce ai wuyansa a karkace yake. Ni ina bakin rumfa ina kallon inuwar motarmu tana fitowa daga ƙarƙashinta kaɗan kaɗan.

Duk da haka ƙarfe uku da kwata muka isa ƙofar gandun. Rana na nan da ƙarfinta. Na ce alhamdulillahi, na fara tattara jakar Baba. Sai direba ya gangara gefen titi, ya bi bayan wasu motoci bakwai irin tamu, ya kashe inji.

"Me ya faru?"

"Huɗu bai yi ba, ƙanwata," in ji ɗan jagora.

Minti arba'in da biyar muka zauna a nan, ƙofa a buɗe a gabanmu, motocin masu hali na shiga suna fita. Yara na kukan zafi. Wata mata na bin tagogi da ruwan sanyi. Ana jin wani gurnani can nesa, ƙasa ƙasa, kamar jirgin da ba ya ƙarasowa. Baba ya karkata kai.

"Shi ne?" ya tambaye ni a hankali.

"Shi ne, Baba."

Ya gyara zaman tabaransa.

Na sake zuwa wurin Yaya, a karo na uku. Yana fifita da takardar kamfanin.

"Yaya, mu biya mu shiga yanzu. Ni zan mayar maka, wallahi."

"Saura minti ashirin a rage rabi, ki ce in biya cikakke? Ke ko hauka ake yi ai da lissafi. Je ki zauna."

Ƙarfe huɗu na bugawa motoci takwas suka zube mutanensu a taga ɗaya. Ma'aikaci guda ne, yana duba sunaye yana liƙa wa kowa takarda a hannu. Biyar saura muka wuce shingen. Daga nan ɗan jagora ya ce motar gandun da ke kai mutane har bakin ruwa ba ta cikin rahusa, ƙafa za mu taka, ba nisa, hanya mai daɗi a ƙarƙashin itatuwa.

Muna shiga ƙarƙashin itatuwan na ji tafiyar Baba ta sauya. Rassan sun haɗe a sama, ƙasa duk saiwoyi da matakalar dutse mai danshi. Ya kama kafaɗata. Kowane taki sai ya aika ƙafa ta laluba kafin ya ɗora nauyi. Ina raɗa masa, hawa, hawa, saiwa, gangara. Mutanen wasu motocin suna wuce mu.

"Baba, tsufa ya zo ke nan?" Yaya ya kira daga sama yana dariya. "Ko in goya ka?"

"Kai dai ka goya tumbinka," in ji Baba, har da murmushi. Gumi ya jiƙa farar rigar.

Tafiyar da ake yi a minti ashirin, awa guda ta ci mana. Da muka fito fili, rana ta riga ta faɗa bayan dutsen. Haskenta a sama kawai ya rage, ja da ruwan zuma, kwarin kuwa ya cika da shuɗiyar inuwa. Kuma ya Rabbi, ruwan! Ban taɓa ganin abin da ya kai shi ba. Fari, dogo, yana saukowa kamar ba ya sauri, yana tashi hayaƙi, sanyinsa na taɓa fuska. Na tsani idona da suka gan shi.

Babu bakan gizo. Ba wanda ya lura sai ni.

Yara na ihu. Anti ta zare sandarta tana jera mutane a jikin shingen ƙarfe. "Ku matso, ku matso, hasken nan ba ya jira! Ban gaya muku ba? Auta, ga faɗuwar ranar da kike raina wa!"

Baba ya saki kafaɗata ya kama shingen da hannu biyu. Ya ɗaga fuska, ya buɗe ido sosai. Amma ƙarar ruwan tana dukan bangon dutsen da ke hagu tana dawowa, shi kuma ƙarar ya bi. Ya tsaya yana fuskantar baƙin dutse tsirara, ruwan na can damarsa.

"Masha Allah," ya ce da ƙarfi don a ji. "Kai, masha Allah."

Anti ta sauke waya ta ƙyalƙyale. "Baba! Ruwan na nan, ba can ba! Dutsen kake yi wa masha Allah?"

Gwaggo ta dafa cinya tana dariya. Yara suka ɗauka. Ba da mugunta ba, na sani, ko a lokacin na sani. Amma wani abu ya tsinke a cikina.

"Ba ya gani!" Muryata ta fi ta ruwan. "Ba ya gani in rana ta yi sanyi! Likita ya ce wata kaɗan ya rage masa! Don shi na haɗa tafiyar nan, don ya ga abin nan sau ɗaya da idonsa, kun zaunar da shi a bakin ƙofa kuna jiran rahusa!"

Har baƙin da ke kusa suka juyo suna kallonmu.

Gwaggo ce ta fara. Ta ɗora hannu a ka ta rushe da kuka tana kiran sunan iyayensu. Anti ta rufe baki, wayar na lilo a kan sanda. Yaya Babba ya zo gabana, fuskarsa ta yi fari fat.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Wata biyu." Ya dubi Baba, ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa, abin da ban taɓa gani ba ko ranar rasuwar Umma. "Sau uku kina zuwa wurina yau. Sau uku! Bakan gizo kika ce mini. Da kin faɗi wannan da safe, wallahi da motar gaba ɗaya zan saya in juya ta. Kin ɗauke ni wane irin ɗa?"

Na juya wurin Baba, ina jiran ya ce shi ya hana ni. Har yanzu yana riƙe da shingen. Ya cire tabaransa ya ninke ya sa a aljihu.

"Auta," ya ce, ba faɗa, ba ɗaga murya. "In da ma faɗa za ki yi, ai da kin faɗa da rana."

Daga nan aka karɓe shi daga hannuna. Yaya ya kama damtsensa na dama, wani ɗan Gwaggo ya kama na hagu, suka juya shi ya fuskanci ruwan kamar ana gyara wa kujera zama. Anti tana kuka tana kwatanta masa, fari ne Baba, dogo ne Baba, ga hayaƙi. Ya gyaɗa kai ya ce ya gode. Ɗan jagora ya hura usur ya ce saura minti biyar, gandu na rufewa.

Yaya ya biya motar gandu ta sauko da mu duka, bai ko tambayi kuɗin ba. A motarmu suka zaunar da Baba a kujerar gaba, Gwaggo ta zauna kusa da shi ta lulluɓe masa gwiwa da mayafinta. Ni na sami wuri a can baya, tsakanin kwanduna.

"A ba shi ruwa," in ji Yaya.

"Ya sha ɗazu," in ji Gwaggo.

"Yana jin sanyi? A rufe masa tagar."

"Gobe da safe a kai shi babban asibiti. Kuma ba zai sake kwana shi kaɗai ba, ɗakin ƙasa za a gyara masa."

"Takalman nan ma a sauya masa, suna da santsi."

Suna ta yi a saman kansa, wannan ya ce, wancan ya ƙara. Ina hango ƙeyarsa daga inda nake, a miƙe, ba motsi. Har muka hau babban titi ba wanda ya juya ya tambaye shi, ba wanda ya ce masa "kai".